An ƙwace wa mutum WhatsApp: me za a yi kafin a fara tura wa ɓarawo kuɗi?

Mai kula da zaure, Jekadafari: Salamu alaikum 'yan'uwa. Damfarar nan ta “karanto mini lambobin da suka shigo wayarka” ta addabi zaurukan makarantu da na 'yan kasuwa a nan Gombe. Waɗanda suka saba warware ta, ku zuba mana daki-daki.

Mai gyaran waya, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. A fara gane cewa ɓarawon bai taɓa wayarka ba. Lambarka ya sa a WhatsApp ɗin tasa wayar, sai aka turo lambobi 6 ta tes zuwa layinka. Ya kira ka da sunanka da na zaurenku, wai akwai taro da daddare, lambobin ne shaidar halarta. Kana karanta masa, asusun ya koma hannunsa.

Maganin: buɗe WhatsApp, sake saka lambarka, nemi sababbin lambobi 6. Kana shigar da su, an fitar da shi. Inda ake cijewa biyu ne. Idan an yawaita neman lambobin, za a ce sai ka jira sa'o'i, kuma yawan dannawa ƙara jiran yake yi. Idan kuma ya riga ya sa makullin tabbatarwa mai mataki biyu, za a tambaye ka wasu lambobin sirri da ba ka sani ba. Nan sai haƙurin kwana 7. Amma a kwantar da hankali, shi ma a waje yake tun lokacin da ka shigar da lambobin tes.

Mai POS, Pantami: Malam ya yi bayani, sai dai kuɗi ba sa jiran kwana 7. Kafin komai a sanar da mutane ta kira ko tes, a sa 'yan'uwa su ɗora a situs, a ce wa masu kula da zauruka su cire lambar. In lambar tana cikin masu kulawa, sauran su gaggauta, don yana iya korar mutane. Saƙon nasa kusan iri ɗaya ne: “Manhajar bankina ta ƙi aiki, tura wa wannan asusun, zan mayar gobe.” Sunan asusun ba na mai lambar ba ne, wannan kaɗai ya isa alama. Wanda ya riga ya tura, ya kira bankinsa nan take da rasit da lambar cinikin.

Malamar kwamfuta, Bolari: Mata sun fi tambayar ko zai ga tsofaffin hotuna da hirarraki. Ba zai gani ba, suna cikin wayarki ne. Abin da yake samu shi ne zaurukan da kike ciki, lambobin mutanen ciki, da duk saƙon da ya shigo bayan ƙwacen. Daga nan yake tsintar na gaba.

Mai sayar da layi, Kumo: Akwai wadda ba a neman lambobi ma. Za a ce ka danna wasu alamomi da suka fara da **21* wai don samun kyautar data. Karkatar da kiranka ne zuwa wayarsa, sai ya nemi WhatsApp ya karanto masa lambobin ta kira. Danna ##002# yana soke duk karkatarwa. Yi wannan kafin ka nemi sababbin lambobi.

Mai kula da zaure: Hajiya, wanda WhatsApp ɗinsa ke aiki amma ana tura saƙo da sunansa fa?

Malamar kwamfuta: Wannan an haɗa asusunsa da wata na'ura ne, Alhaji. Ana iya haɗa har 4, ta hoton QR ko ta haruffa 8, galibi lokacin da aka bar waya a wurin caji ba makulli. Ya shiga sashen na'urorin da aka haɗa, ya fitar da duk wadda bai sani ba. Wannan kam tana ganin hirarraki, ta fi waccan muni. Sannan ya sa nasa lambobin sirri 6 a mataki biyu, da imel ɗin da yake iya buɗewa, ba wanda aka yi masa a shago ya manta ba.