Gidan adana zane-zane na son ayyukan mahaifinmu: kyauta za mu ba su ko aro?

'Yar Mai Zane:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar nan. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, malamin makaranta ne, amma duk lokacin da ya samu sarari zane yake yi. Ya bar mana ɗaki guda cike, wasu na fentin mai, wasu na fentin ruwa a takarda, ga littattafan da yake gwada hannu da fensir. Gidan adana zane-zane na yankinmu ya ɗauko aikin tara ayyukan masu zanen yankin, sai suka turo mana wata jami'a. Ta duba ta ware guda shida, ta ce suna so su shiga cikin kayansu na dindindin. Ba saye za su yi ba, kyauta suke nema.

Ni dai hankalina ya kwanta da abin, don danshi ya fara taɓa wasu, ɗaya har fumfuna ta yi masa tabo. Yayanmu kuwa ya ce sam, sai dai aro, kada a wayi gari an sayar ko an jibge su a sito. Idan an ce na dindindin, kullum za su kasance a rataye? Kuma suna da ikon sayarwa?

Tsohon Ma'aji:
Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta wa Malam. 'Yata, na yi aiki a irin wannan gida har na yi ritaya. Dindindin na nufin zanen ya zama mallakin gidan, an ba shi lamba, an shigar da shi rajista. Ba ya nufin bango. Yawancin abin da kowane gida ya mallaka a sito yake, ana fito da shi bi da bi. Kada kalmar sito ta tayar miki da hankali. Na fentin ruwan nan ma hutun shi ne gatansu, domin haske yana cinye launi, kuma launin da ya koɗe ba ya dawowa. Shi ya sa ake nuna aikin takarda a haske mara ƙarfi, wajen lux 50 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), na 'yan watanni, sannan a mayar da shi akwati. Danshin ɗakin kuma ana ƙoƙarin tsayar da shi wajen kashi 50 cikin 100, ba ya hawa yau ya sauka gobe.

Ki gaya wa yayanki, gidaje da yawa ba sa son dogon aro. Wa zai kashe kuɗin gyara zanen da za a iya zuwa a ɗauke gobe? Kafin ku sa hannu, ki nemi a kai ki siton ki gani da idonki. Idan kika tarar da kaya jingine a ƙasa, ko rufi na yoyo, kin samu amsarki.

Mai Bin Gwanjo:
Baba Ma'aji, da girmanka, amma tsoron yayan nata ba na banza ba ne. A 2006 hukumar garin Bury a Ingila ta kai wani aikin mai zane L. S. Lowry gwanjo don cike giɓin kasafin kuɗinta, aka saya kusan fam miliyan 1.4, ƙungiyar gidajen tarihi ta Birtaniya ta kore ta. A Amurka, gidan tarihi na Berkshire ya sayar da ayyukan mai zane Norman Rockwell a 2018, alhali shi da kansa ya ba su kyauta, 'ya'yansa sun je kotu amma ba su hana ba. Ƙa'idar ICOM, ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ta ce kuɗin abin da aka sayar a kan kayan gidan kawai za a kashe shi. To ƙa'ida ce, ba doka ba. Hajiya, abin da kuka rubuta ne kawai zai tsaya muku. Ku nemi lauya, a sa a takardar kyautar cewa in sun tashi rabuwa da zanen, su miƙa wa wani gidan adanawa ko su dawo wa iyali. Kuma duk magada su sa hannu, ba ke kaɗai ba.

Malamar Zane:
Ni ina bayan a bayar, 'yar uwa. Shi Lowry ɗin da aka ambata, mai karɓar kuɗin haya ne da ke zana masana'antu da ma'aikata. Gidan adanawa na Salford, wani gari a yankinsu a Ingila, ya fara tara ayyukansa tun 1936, yau ga katafaren gini mai sunansa da aka buɗe a 2000. Manyan gidaje ba sa waiwayar mai zanen yanki, sai na kusa da shi. Ina kai ɗalibaina irin wannan wuri, kuma ba inda suke daɗewa kamar gaban zanen da suka gane titin da ke ciki.

Abu biyu. Ba da zane daban, ba da haƙƙin mallaka daban, in ba ku rubuta kun bayar ba, izinin buga hotonsa yana hannunku. Sannan ku zauna da Mama ku rubuta abin da ta tuna game da kowane zane, shekara, wuri, da wanda aka zana.

'Yar Mai Zane:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na karanta wa Yaya, ya yarda mu je mu ga siton tare. Baba Ma'aji, littattafan fensir ɗin fa? Jami'ar ba ta ko buɗe su ba.

Tsohon Ma'aji:
Ki kai mata su ta gani, masu bincike sun fi neman irinsu. Kafin nan ki raba mai fumfunar da sauran, kada ki goge shi da komai, kuma ki ɗaga duka daga ƙasa, nesa da bangon da ke jan ruwa.