Wai Amurka ma ta kafa shari'a?

Maman Ilham: Salamu alaikum jama'a, yau raina a ɓace yake ku bar ni in amayar da abin da ke cina. Matar ƙanena a nan Texas cikinta na wata huɗu ya samu matsala, faya ta fashe tun lokaci bai yi ba, likita da bakinsa ya ce ɗan ba zai rayu ba amma wai ba za su taɓa ta ba tunda zuciyarsa na bugawa, suka sallamo mu wai in zazzaɓi ya rufe ta mu dawo. Kwana biyu ina zaune a gefen gadonta da abin gwada zafin jiki a hannu, sai da ta fara rawar ɗari cikin dare haƙora na haɗuwa sannan suka karɓe ta. Kuma likitan ba mugu ba ne, tsoro yake ji, don dokar jihar na iya kai shi ɗaurin rai da rai ga tarar dala 100,000 ga ƙwace lasisi. Duk wannan aikin masu cewa Amurka ƙasar Kirista ce dole a mulke ta da Baibul ne, tun 2022 da kotun ƙoli ta soke hukuncin 1973 da ya halatta zubar da ciki suka samu yadda suke so. Shari'a ce suka kafa tasu ta coci, su da suka ishe mu da gorin 'yancin mata.

Uwargida Zee: Subhanallahi, Allah ya ba ta lafiya ya mayar da mafi alheri. Sannu Anti.

Abu Sumayya: Allah ya ƙara sauƙi. Amma Hajiya ki ji tsoron Allah ki janye kalmar shari'a ɗin nan. Shari'a guda ɗaya ce ta Allah, ba a haɗa ta da dokar da wasu 'yan majalisa suka zauna suka rubuta.

Maman Ilham: Malam ni fa ba wa'azi na zo yi ba, misali na bayar.

Abu Sumayya: Misalin ne bai dace ba. Da shari'a ce ai da ba a bar baiwar Allah tana rawar ɗari ba, malamanmu sun yi bayani in rayuwar uwa na cikin haɗari ita ake fara cetowa.

Ɗan Fagge: To Malam alƙalin majistare in ya zauna me yake yi in ba shari'a ba? Ko gobarar kasuwa aka kai kotu cewa muke ana shari'a. Kalmar Hausa ce yanzu, kowa na da haƙƙi a cikinta.

Abu Sumayya: Larabci ce, je ka tambaya.

Ɗan Fagge: Alƙali ma Larabci ne, sabulu ma haka, sai mu daina wanka ke nan?

Bulus Wusasa: Sannu da jinya Maman Ilham, Ubangiji ya warkar. Ni abin da ya tsaya min shi ne "tasu ta coci". Wace cocin? Ni Bahaushe ne Kirista, kakana ma Kirista ne, ba wanda ya yi shawara da mu kafin a rubuta dokar Texas. Kuma a Amurkan kanta akwai coci-coci da yawa da ba sa tare da wannan tafiyar, Martin Luther King fasto ne, shi ma da Baibul ɗin ya yi yaƙi da wariyar launin fata. Abin da kike magana a kai siyasa ce ta wani ɓangare, yawancinsu fararen fata 'yan ebanjelika, wani reshe na Kiristocin Furotesta, waɗanda wajen kashi 80 cikin 100 nasu suka zaɓi Trump a 2016, shi kuma ya saka musu da alƙalai 3 a kotun ƙoli, Gorsuch da Kavanaugh da Barrett, da su aka soke wancan hukuncin. Ki kira su da sunansu kar ki yi mana kuɗin goro.

Maman Ilham: Ɗan'uwa Bulus ka yi haƙuri ban yi nufin kowa ba, maƙwabciyata da ta kai mu asibiti ƙarfe uku na dare Kirista ce, a mota ma addu'a take ta yi mana.

Ɗan Fagge: Yauwa Bulus yanzu ka ɗanɗana abin da muke ji in an ce Musulmi 'yan ta'adda.

Bulus Wusasa: Ni da na girma a Zariya kai za ka koya wa wannan?

Malam Lakcara: Ku ɗan tsaya a gyara zancen. Tsarin mulkin Amurka tun gyaran farko na 1791 ya hana gwamnati kafa addinin ƙasa, don haka a takarda babu wata shari'ar coci. Abin da masu kishin Kiristancin ƙasa ke yi shi ne su bi ta majalisun jihohi da kotuna. Louisiana a 2024 ta yi doka a liƙa Dokoki Goma na Baibul a kowane aji na makarantun gwamnati, a shekarar kuma kotun ƙolin Alabama ta ce ƙwan haihuwa da aka haɗa aka daskarar a asibiti ɗa ne a idon doka, babban alƙalinsu har ayoyin Baibul ya jawo a rubutunsa, asibitoci suka dakatar da dashen ƙwai ga matan da ke neman haihuwa sai da majalisar jihar ta yi gaggawar wata dokar. Marjorie Taylor Greene kuwa, 'yar majalisar wakilan Amurka a lokacin, a 2022 ƙiri-ƙiri ta amsa sunan mai kishin Kiristancin ƙasa. Amma fa ba kullum suke nasara ba, a Kansas jihar 'yan Rifablikan ce amma da aka kai maganar cire 'yancin zubar da ciki daga tsarin mulkin jihar akwatin zaɓe a 2022 jama'a suka ƙi.

Abu Sumayya: Ka ga ni ko, shi ma Malam ya ce babu shari'a. Magana ta ƙare.

Malam Lakcara: Ban ce haka ba, cewa na yi a takarda.

Ibro Maraɗi: Ni dai in dokar ta hana zubar da ciki ina bayanta ko wa ya kafa ta. Da a ce 'yan luwaɗi su yi mulki gara masu coci, aƙalla sun san Allah.

Uwargida Zee: Ibro mace ta kusa mutuwa kana maganar luwaɗi? Ka taɓa kwana a ɗakin haihuwa kuwa? Kuma waɗannan da kake yabo su ne fa a 2017 suka tafa wa Trump da ya hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka, kai kana son su su ba sa ƙaunar ganinka.

Ibro Maraɗi: Nijar ba ta cikin jerin a lokacin.

Uwargida Zee: Au, to shi ke nan tunda ba gidanku gobarar ta ci ba.

Ɗan Fagge: Abin dariya ma dokarmu ta finalkod a Arewa ita ma ba ta yarda a zubar ba sai don ceton ran uwa, to mu da Texas ɗin wa ya kwaikwayi wani? Kuma Turawa ne suka bar mana ita.

Abu Sumayya: Shi ya sa Zamfara ta dawo da shari'a lokacin Yarima, ta gaskiya ba irin wadda Hajiya ke faɗa ba.

Bulus Wusasa: Mu bar maganar shekarar 2000 don Allah, wasunmu sun binne 'yan'uwa a Kaduna, ta kowane ɓangare.

Malam Lakcara: Gaskiya ne a bar ta. Mu koma kan mata. Cocin Baptis ta Kudancin Amurka a 2023 ta kori cocin Saddleback daga cikinta saboda ta naɗa mata fastoci, kuma akwai fastocin da yanzu a fili suke cewa a daina ba mace ƙuri'a, maigida ya jefa a madadin gidansa, alhali matan Amurka tun 1920 suke zaɓe.

Ɗan Fagge: Mu a Arewa sai 1976 aka yarda mata su yi zaɓe, shi ma sai da Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a hannun 'yan doka. Mu Kanawa 'yan NEPU muka tsaya wa mata, sauran kuna ina?

Bulus Wusasa: Gambo Sawaba 'yar Zariya ce malam, kar ka sace mana ita da rana tsaka.

Ɗan Fagge: Ai a Kano aka fara ɗaure ta.

Bulus Wusasa: Wato taku gudummawar ɗaurin ne.

Uwargida Zee: Wayyo cikina, Bulus ka kashe shi.

Ɗan Fagge: Zage-zagi dama bayinmu ne, ba na jayayya da bawa.

Abu Sumayya: Har yanzu dai Hajiya ba ta janye kalmar ba.

Maman Ilham: Malam ina asibiti ina ba yarinya kunu a baki, in na samu sarari zan janye maka.

Alhaji Mai Shadda: To jama'a a matsayina na babba bari in taƙaita don dare ya yi. Abin da aka cimma shi ne, na farko kowa ya yarda Hajiya ta yi kuskure da ta ce shari'a kuma ta yi alkawarin janyewa. Na biyu ya tabbata Turawa ƙarshenta sun dawo kan abin da muke faɗa tun tuni cewa zubar da ciki ɓarna ce, Malam Lakcara ya kawo hujjoji masu yawa a kan haka. Na uku Gambo Sawaba ta Kano ce. Ibro ya yi magana mai ma'ana amma aka taru aka yi masa ca. Allah ya ba mara lafiya lafiya.

Malam Lakcara: Alhaji ranka ya daɗe wace hujjar tawa ce ta ce haka?

Uwargida Zee: Alhaji ɗan Kano ne ai, shagonsa na Kantin Kwari.

Maman Ilham: Ba wanda ma ya tambaye ni ko za ta sake haihuwa. Likita ya ce sai an sake duba mahaifar nan da sati shida. Akwai wanda ya san mai zuwa Houston daga gida a watan nan ya taho min da kanwa da garin kunu?