Shawarwari ga mai niyyar komawa Texas da zama

Da aka tattauna batun zama a jihar Texas ta Amurka, bakin mazauna ya zo ɗaya kan mota: in ba ka da ita, ka ɗaure kanka. Daga Houston zuwa El Paso kusan kilomita 1,200 ne, duk a jiha ɗaya. A cikin Houston ma, sayen burodi kawai sai ka tayar da mota, don unguwanni da yawa bas ba ya ratsa su.

Masu yabo sun ce jihar ba ta karɓar harajin albashi, gidaje sun fi na California araha, ga aiki a harkar mai da asibitoci. 'Yan Najeriya kuma suna da yawa a Houston, samun garin tuwo da naman halal ba wuya. Sai dai wasu sun ja kunne cewa abin da ka tsira da shi a albashi, harajin gida zai cinye.

An fi daɗewa kan zafi. Wanda ya saba da ranar Sakkwato kada ya raina, domin na Houston mai gumi ne. A watan Agusta sitiyarin motar da ta wuni a rana ba ya taɓuwa, kuɗin wutar AC kuma ya yi ta hawa. Sanyi ma yakan yi ɓarna: a Fabrairun 2021 wuta ta ɗauke wa miliyoyin mutane, fiye da 200 suka rasu.

Shawarar da ta fi kama hankalina ita ce ka fara da haya kusa da wurin aikinka, kuma kafin ka sayi gida ka bincika ko ambaliyar guguwar Harvey ta 2017 ta shiga unguwar.