Neman shawara: in bar aikin dindindin in shiga aikin jinya na yawo?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni nas ce, a Kano na yi karatu, na ci NCLEX, wato jarrabawar samun lasisin aikin nas a Amurka, yanzu ina aiki a wani asibiti a Houston, jihar Texas, sashen waɗanda aka yi wa tiyata. Kwantiragina da kamfanin da ya kawo ni Amurka ya kusa ƙarewa. Wata abokiyar aikina ta dame ni in shiga aikin nan da ake tura nas asibitocin da ke ƙarancin ma'aikata, mako 13 a nan, mako 13 a can. Kuɗin makon da ta nuna min ya fi nawa nesa ba kusa ba. Sai dai ina da yara biyu 'yan firamare, maigida kuma aikinsa a nan yake. Ga na gida suna jiran aike duk wata. Don Allah wanda ya taɓa yi ya gaya min gaskiya.

Babbar Yaya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Na yi shi, ban yi nadama ba, amma kada adadin nan ya ruɗe ki. Ki ce wa dillalin kamfanin da zai riƙa tura ki asibitocin ya rarraba miki shi a rubuce. Za ki ga kuɗin awa, wanda ake cire wa haraji, kaɗan ne; mafi yawa alawus ne na masauki da abinci. Alawus ɗin kuma hukumar haraji ta IRS ba ta yafe masa haraji sai kina da gidanki na asali da kike ci gaba da biya, kina kuma biyan haya a garin da aka tura ki. Haya biyu ke nan. Ga mai, ga hanya, ga inshorar lafiya da kan iya tsayawa tsakanin kwantiragi da kwantiragi, ke mai yara. In kin cire duk wannan, sai ki gwada da albashinki. Kuɗin da mutane ke ba da labari na 2021 da 2022 ne, lokacin korona. Ya sauka tuntuni.

Wani nas daga Maryland:
Hajiya, kin yi sa'ar zama a Texas, tana cikin yarjejeniyar NLC, lasisi ɗaya ya ishe ki jihohi da yawa. Kalifoniya da New York ba sa ciki, sai kin nemi nasu daban. Abin da zan ja hankalinki a kai shi ne ƙwarewa. Yawancin kamfanoni na neman shekara ɗaya zuwa biyu a sashenki, kuma da dalili. Kwana ɗaya ko biyu za a zagaya da ke, a ba ki lambar shiga kwamfuta, shi ke nan. Daren farko na tsaya riƙe da sirinji ina neman inda suke ajiye ruwan wanke layin jijiya, kowa na ta kansa. Kuma in wani sashe ya rasa hannu, baƙuwa ake fara turawa.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka. Yaya, gaskiya ne ana soke kwantiragi mutum yana tsaka da aiki?

Babbar Yaya:
Ƙwarai kuwa, marasa lafiya na raguwa sai a sallame ki, ke kuma kin riga kin biya haya. Shi ya sa ki nemi masauki na wata-wata, ki ajiye abin da zai riƙe gida wata biyu, ki tabbata an rubuta miki awa 36 a mako da ranakun hutun da kike so, har da na Sallah. Abin da ba a rubuta ba, babu shi.

Maman 'yan biyu:
Ni yaran ne damuwata, 'yar uwa. Ki zauna da maigida tukuna. In ya amince, fara da garin da za ki iya tuƙawa, kamar San Antonio ko Austin, ki roƙa a jera miki dutinki uku a jere, sauran kwana huɗu kina gida. Kuma ki rabu da asibitinki lafiya, ki tambaye su ko za su bar ki a jerin masu zuwa in an buƙata.