"Araha ba ta ado": ta hau kan finafinan gudun hijirar Yahudawa?

Ɗan Zazzau: Salamu alaikum. Akwai wasu finafinan Turawa masu ƙaramin jari da suka cika YouTube, labarinsu kusan ɗaya: iyalin Yahudawa na gudun sojojin Hitila a Yaƙin Duniya na Biyu. Sojan Jamus ba su fi huɗu ba, su ne a shingen hanya, su ne a daji, kakinsu fes. Wanda aka ce ya yi watanni a ɓoye ba abinci sai ya fito da kumatu, rigarsa a goge. Wani abokina ya ce ai araha ba ta ado. Maganar ta zauna a nan?

Hajiya Mai Atamfa: Ɗana, mu a kasuwa mai saye ake gaya wa wannan. Ka tsallake mai tsada ka ɗauki mai sauƙi, wanki ɗaya ta koɗe, to kada ka dawo da ƙorafi. Kai da ka kalla kyauta me ka saya?

Ɗan Zazzau: Hajiya, na sayi data.

Malamin Tarihi: Ni ban yarda ta hau ba, amma dalilina daban ne da na Hajiya. Karin maganar na ɗora laifi kan ƙarancin kuɗi, alhali wannan labari ba ya neman ado. A watan Oktoban 1943 masunta a Danmak suka tsallakar da Yahudawa sama da 7,000 zuwa Suwidin cikin ƙananan jiragen kamun kifi, yawanci da dare. Me ɗan fim yake buƙata ban da jirgi ɗaya, duhu, da mutanen da suka iya nuna tsoro a fuska? Su kuwa sai sun cusa harbe-harbe da bam ɗin kwamfuta don a kira shi fim ɗin yaƙi, nan asirinsu ke tonuwa. Akwai fim ɗin Hangari, Son of Saul, da ya ci kyautar Oska a 2016 ba tare da babban jari ba. Kyamara manne take da mutum ɗaya a Aushiwiz, sansanin da sojojin Hitila suka riƙa kashe Yahudawa, abin da ke bayansa dishi-dishi ne, kunnenka ke ƙarasa maka sauran.

'Yar Maraɗi: Malam, to ba sai mu ce da babu gara ba daɗi ba? Akwai yaran da ba za su taɓa buɗe littafin tarihi ba, ta irin waɗannan finafinan suka fara jin an yi abin.

Malamin Tarihi: Ƙanwata, ana faɗin haka ne idan da gaske babu. A nan akwai: waɗanda suka tsira sun ba da labari da bakinsu, an naɗa, an rubuta. Sannan me yaron ya koya? A fim da zarar an taka iyaka an tsira, a sa kiɗa. A zahiri iyakar ce matsalar. A watan Yulin 1938 ƙasashe 32 suka taru a garin Ebiyan na Faransa kan batun Yahudawa 'yan gudun hijira, kusan duka suka ƙi ƙara yawan waɗanda za su karɓa. Jirgin ruwan St. Louis ya tashi daga Hambog ta Jamus a Mayun 1939 da fasinja 937, kusan dukansu Yahudawa masu gudun hijira, Kuba ta hana mafi yawansu sauka, Amurka da Kanada suka ƙi, ya juya Turai. Mutum 254 daga cikinsu sun halaka daga baya. A Agustan 1942 Suwizalan ta tsaurara iyakarta, ta mayar da dubbai. Nuna jami'i yana maida wa uwa takardarta ba ya cin ko sisi, amma ba kasafai suke nunawa ba.

Baba Ɗandali: Abin da ke damuna dariya ce. An kashe Yahudawa wajen miliyan shida, sai ga mai kallo na ƙyalƙyata don gashin bakin soja ya ɓalle. Wanda bai iya ba ya bari, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

'Yar Maraɗi: Baba, in mun bi wannan ai babu mai yin fim kan bala'in da bai same shi ba. Kuma waɗanda suka ga abin da idonsu saura kaɗan.

Baba Ɗandali: Ban ce kada a yi ba, 'yata. A je a saurare su tukuna.

Hajiya Mai Atamfa: Duk kun bar tambayar yaron nan. Ni dai har yanzu ban ji an gaya wa mai sayarwa araha ba ta ado ba. In kuna son tsokanar masu fim ɗin, ku nemo wata.