Tabarau mai darma: wanne za a saya wa 'yan tiyata?

Sistar Tiyata: Assalamu alaikum. Za a yi wa masu aiki da C-arm, injin hoton X-ray na ɗakin tiyata, odar tabarau mai kare ido daga haskensa. Akwai mai kaurin darma 0.5, akwai 0.75. Wanne za mu rubuta?

Mai Hoto: Wa alaikumus salam. Milimita 0.75 a gaba, 0.5 a gefe. Wanda ba shi da katangar gefe, ku bar musu kayansu.

Likitan Zuciya: Sista, kauri ba shi ne abin dubawa na farko ba, yadda ya zauna a fuska ne. Hasken da ke samun ido daga jikin majiyyaci yake fantsamowa, ta ƙasa kuma ta hagu, shi kuwa likita allo yake kallo, kai a juye. In akwai ratar da yatsa zai shiga tsakanin gilashi da kunci, ta nan zai bi, shi ya sa idon hagu ya fi shan wuya. A kawo samfuri kowa ya gwada kafin a biya. Yana da nauyi, in babu igiyar ƙeya zai riƙa sulluɓowa kan hanci, daga nan sai a cire shi a jefa aljihu. Inda kuma akwai garkuwar da ke rataye a silin, a manna gindinta da jikin majiyyaci, a gyara ta duk sanda aka juya inji. In tana lilo a sama, ado ce kawai.

Likitan Ƙashi: Ga hazo in ka sa takunkumi. Ka kare ido ka kasa ganin ƙusa 😂

Mai Hoto: Filasta a karan hanci, Dakta, an gama. Ku dai ɗaga ƙafa daga fedar kunna hasken in ba allo kuke kallo ba.

Likitan Ƙashi: Ranka ya daɗe, ashe dama jira kake.

Jami'in Kariya: A 2011 ICRP, hukumar duniya mai ba da shawara kan kariya daga irin wannan haske, ta sauke iyakar ido daga mSv 150 (mSv ma'aunin hasken da jiki ya sha ne) a shekara zuwa 20, a matsakaicin shekara 5, kuma kada shekara guda ta haura 50. Dalili, an gano 0.5 Gy (wani ma'aunin hasken ne) ma na iya jawo yanar ido, irin mai farawa ta bayan madubin ido, ba ta nunawa sai bayan shekaru. Bajin auna haske da ke ƙarƙashin rigar darma ba ya auna ido. A ƙara na biyu a wuya, waje da riga, ɓangaren da ke fuskantar inji.

Mai Bada Barci: Mu da ke wajen kai fa?

Jami'in Kariya: Ninka nisa, haske ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kan inji mai fitar da haske ya zauna ƙarƙashin gado. In hoton gefe ne, a tsaya ɓangaren farantin ɗaukar hoto. Malam Mai Hoto, sauke bugun hoto daga 15 zuwa 7.5 a daƙiƙa, ka matse fili iya wurin aiki.

Mai Hoto: Sai a ce hoto na tsalle, a ce in mayar.

Sistar Tiyata: To na rubuta 0.75 mai gefe. Masu gilashin magani fa?

Likitan Zuciya: Ana yi da lambar gilashin mutum, akwai kuma wanda ake ɗorawa a kai.

Jami'in Kariya: Tunda an taru, wa ke ninke rigunan darma a kan kujera? Tsagewa suke ta ciki. Ga maratayi nan a bayan ƙofa.

Likitan Ƙashi: 'Yan dare ne.

Mai Bada Barci: Haba Dakta, kai ne fa ka yi dare jiya.