Zan sauka a Legas karo na farko da yamma: yaya zan kai Agege daga filin jirgi?

Mai Yadi, Herwagana

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar ƴan'uwa da suka san Legas. Shekara shida ke nan ina sayar da yadi da leshi a babbar kasuwar Gombe, kuma a hannun wasu nake saro kaya, sai bana na yanke shawarar in je kasuwannin Balogun da Idumota na Legas da ƙafata in ga kayan da idona. Zan tashi daga filin jirgi na Lawanti, in canja jirgi a Abuja, in sauka da misalin ƙarfe biyar da rabi na yamma. Masaukina yana Agege, gidan ƙanin mahaifina, amma ya manyanta, ba na so in ɗora masa wahalar zuwa tarbata. Wace mota ya kamata in shiga daga filin jirgin, kuma washegari ta wace hanya zan bi zuwa kasuwa? Jaka ɗaya ce a hannuna, sai kuɗin jari.

Tsohon Mazaunin Agege, Bolari

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa a je a sa'a. Abin da ya fi jan hankalina a bayaninka shi ne lokacin saukar, domin ƙarfe biyar da rabi daidai take da tashin ma'aikata, kuma kafin jakarka ta fito magariba ta kawo jiki. Agege ba ta da nisa da filin jirgi na Murtala Muhammed, tunda maƙwabciyar Ikeja ce, amma a wannan lokacin tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba da hantsi tana iya cin sa'a ɗaya da rabi, musamman daga Ikeja Along zuwa Mangoro.

Fara da duba tikitinka ka san ɓangaren da za ka sauka. Jiragen cikin gida suna da tasha biyu, MMA2 da kuma tsohuwar da ake kira GAT, ɓangaren ƙasashen waje kuma yana can daban, sai an shiga mota. Baƙi da yawa sun tsaya a wata ƙofa direba yana jiransu a wata.

Shawarata a wannan daren ita ce ka kira mota ta waya, Bolt ko Uber. Ka sauke manhajar tun kana Gombe, ka gwada buɗe ta, ka cika wayarka da caji a Abuja. Ka kira motar tun kana cikin ginin, kada ka bari sai ka fito, domin a bakin ƙofa za ka tarar da masu tasi sun yi maka caa, wani ma yana kai hannu ga jakarka. Idan motar ta iso, ka duba lambarta ta yi daidai da wadda ke cikin wayarka kafin ka buɗe ƙofa. Sannan ka sa Baffa ya faɗa maka wata alama sananniya kusa da gidan, kamar gadar sama ta Pen Cinema ko wani masallaci, saboda direban Legas alama yake ganewa fiye da lambar gida.

Hajiya Mai Atamfa, Jekadafari

Malam, duk abin da Alhaji ya faɗa haka yake, amma maganar kuɗin jarin nan ce ta hana ni wucewa. Don Allah kada ka ɗauki tsabar kuɗi. Ka bar su a banki, dillalan Balogun suna karɓar tiransifa, ka riƙe ƴan canji kawai a aljihun gaba.

A zuwana na biyu na shiga wata ƙaramar mota a gefen titi a Oshodi saboda kuɗinta ya yi mini sauƙi. Mutum uku ne a ciki, har da mace mai goyo, shi ya sa hankalina ya kwanta. Ba mu yi nisa ba na gaba ya ɗaga gilashi, matar ta fara tambayata abin da ke cikin jakata. Allah ya taimake ni cunkoso ya tsayar da mu kusa da masu tallan ruwa, na buɗe ƙofa na fita, takalmina ɗaya a cikin motar ya kwana. Irinsu ake kira ƴan wan-cans. Tun daga ranar ba na shiga mota sai a cikin tasha. Danfo, wato bas ɗin nan mai ruwan ɗorawa, ba laifi gare ta ba ga wanda ya san gari, amma yaron mota yana kiran sunayen unguwanni da saurin da kunnen baƙo ba ya kamawa, kuma idan ba ka da canji rigima ce.

Ɗalibi a Yaba, ɗan Pantami

Yaya, game da zuwa kasuwa, yanzu akwai sauƙin da babu shi a da. Jirgin ƙasa na cikin gari da ake kira Red Line, wato Jan Layi, ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, kuma yana tsayawa a Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Idan ka hau a Agege ka sauka a Oyingbo, abin da ya rage gajeriyar tafiya ce ta kan gadar Carter zuwa Idumota. Sai dai ba kowane lokaci yake tashi ba, saboda haka ka leƙa tashar ka tambayi jadawali. Da katin Cowry ake biya, wanda za ka saya a tasha ka zuba masa kuɗi, kuma shi ne dai ake amfani da shi a manyan bas na BRT, waɗanda ke da nasu layin a titi tun 2008.

Kada kuma ka sa rai da acaɓa yadda muka saba a gida. Tun ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana shi a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Tsibirin Legas inda kasuwar take, kuma dokar ta haɗa har da fasinja.

Mai Yadi, Herwagana

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na ji gargaɗinki, yau ɗin nan zan zuba kuɗin a banki. Saura tambaya ɗaya: idan na gama sayayya, da kayan zan shiga jirgin ƙasan?

Tsohon Mazaunin Agege, Bolari

A'a, ƙanena, dila ba ta shiga can. Ka tambayi ƴan'uwanmu Hausawa na cikin kasuwar su haɗa ka da masu lodin kayan Arewa, a ɗaure, a rubuta sunanka da lambar wayarka a jikin kowace dila, ka karɓi rasit. Kuma ka yi ƙoƙari ka bar Tsibiri kafin la'asar, domin daga ƙarfe huɗu gadojin sun fara cika.